Lafiyar Iyali: Shawarar Da Ba Ta Jin Rawaya

'Yan'uwa, mu da muke tsakanin Bodinga da Shagari mun san abin da akan yi idan idon yaro ya yi ɗorawa. Sai a ce shawara ce, a jiƙa saiwar rawaya. In ba ta tafi ba, sai a fara duban uwar yaron da ido. To, akwai shawarar da gado ce, daga uba da uwa duka biyu.

Ga yadda abin yake. Hanta ita ke yin ruwan madaciya. A cikinsa akwai launin ɗorawa, wanda dattin tsohon jini ne, akwai kuma wani irin gishiri mai narkar da man da muka ci. Jiki ba ya ɓarnar gishirin nan. Wajen kashi 95 cikin 100 yakan komo hanta daga hanji, a sake aiki da shi.

A 1954 likitoci biyu a Amurka, Dubin da Johnson, suka bayyana wata shawara ta gado. A cikinta launin ne ke kasa fita sosai, amma gishirin yana wucewa. Ido ya yi ɗorawa, musamman lokacin ciki ko zazzaɓi, mutum kuwa ya tsufa lafiya.

Ɗayar ita ce mai haɗari. A 1969 aka bayyana ta cikin zuriyar Byler, Kiristan Amish na Amurka masu auren zumunci kamar namu. Gishirin ne ke maƙalewa, yana cin hanta. Jariri ya yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo, ya kasa barci, ya ƙi girma. Idan iyaye biyu suna ɗauke da irin, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4.

Saboda haka mu lura da abu uku: ƙaiƙayi, kashi mai fari, da fitsari mai duhu. In mun ga waɗannan, ko shawarar jariri ta wuce mako 2, mu kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Awon jini ne zai raba ta da sikila da ciwon hanta mai yaɗuwa.

Mu tuna da Yohanna sura 9. Almajirai sun nemi mai laifi, Ubangiji kuwa ya warkar da makahon. Kada mu ɗora wa matanmu laifin abin da muka haɗu muka ba ɗa.