Ruwa ba ya tsami banza

Duk mai fataucin kifi ya san yadda ruwan tabki ke rikiɗa ya yi kore sharr idan zafi ya yi tsanani, gansakuka ta rufe samansa, kifi ya taso matacce. Mun saba cewa yanayi ne. Amma sau da yawa akwai hannun mutum a ciki, wato hannun mai buɗe ƙofar madatsar ruwa da rufe ta.

Mu duba tabkin Okicobi na jihar Fulorida ta Amurka. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,900, zurfinsa kuwa bai cika mita 3 ba, ga zafi, kamar dai tabkin Cadi. Bayan guguwar 1928 da ta hallaka mutane aƙalla 2,500, an kewaye shi da ganuwa, injiniyoyin soja ke riƙe da ƙofofinsa. Shekara da shekaru ruwan gonaki da na garken shanu na kwararo masa taki. Idan aka tara ruwa ya yi zurfi da yawa, hasken rana ba ya kaiwa ƙasa, sai ciyawar ƙarƙashin ruwa, wadda ke shan takin kuma kifi ke ƙyanƙyasa a cikinta, ta mutu. Fili ya zama na gansakuka. Idan kuma aka ji tsoron ganuwa za ta fashe, sai a buɗe ƙofofi, a tura koren ruwan cikin koguna har bakin teku. Haka aka yi a 2016, har gwamnan jihar ya kafa dokar ta-ɓaci, masu jiragen haya da ƴan kasuwar bakin ruwa suka rasa ciniki. A 2018 gansakuka ta rufe kusan kashi 90 cikin 100 na tabkin.

Sai a 2024 aka kafa sabon tsari, bayan shekaru ana zama da mazauna yankin. A ƙarshen wannan shekara aka fara rage ruwan da gangan lokacin rani, don ciyawar ta farfaɗo.

To, ina ruwanmu? Kifin da muke saye muna sayarwa, mai yawa daga ruwan da ake tarewa yake fitowa: Lagdo da Maga a Kamaru, ko Komadugu Yobe wadda madatsun Tiga da Calawa ke sarrafa ruwanta. Mun ga yadda sauya tafiyar ruwa ya sa kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru. Ga takin zamani na ƙaruwa a gonakin shinkafa na bakin ruwa.

Ba kowane kore ne guba ba. Matan Kanem sun daɗe suna kwasar dihe ana miya da shi. Amma ido ba ya bambancewa. Akwai irin da ke fitar da gubar da ke lalata hanta, tafasa ruwa ba ya kashe ta, kuma tana taruwa a hanta da hanjin kifi. Ranar da aka ce kifin wata kasuwa ya kwantar da mutane, jarin kowa ne zai ƙone.

Don haka muna kira ga hukumomin madatsu da Hukumar Raya Tabkin Cadi: a riƙa sanar da ranar buɗe ruwa da rufe shi ta rediyo, da harsunan da jama'a ke ji. A riƙa gwada ruwa lokacin bazara, a faɗi sakamako. A ba sarakunan ruwa da ƙungiyoyin ƴan kifi kujera inda ake yanke shawara.

Mu ma da namu aikin. Kada mu sayi kifin da aka tsinta matacce a koren ruwa, ko da an yi bandarsa, kome arharsa. A cire kayan ciki, a wanke da ruwa mai tsabta. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyaye mana sana'armu.