ZANCEN KARKARA: Kafin furoje ya sauka gari

A ƙasar Damagaram babu wanda bai san kalmar furoje ba. Farar mota ta zo, a tara mutane gindin itace, a rubuta sunaye, a kafa allo bakin hanya. Wani furoje ya bar rijiya da ake sha har yau. Wani bai bar kome ba sai allon, shi ma ya yi tsatsa. Sau da yawa bambancin yana wurin shirin da aka yi tun kafin a sa hannu ga aiki. Wannan wata filin zai duba yadda ake shirya aikin taimako domin ya kai ga masu ƙaramin ƙarfi.

Abin da furoje 3M ya koyar

A farkon shekarun 1970 gwamnati ta buɗe babban aikin raya karkara a jihar Damagaram. Ana ce masa 3M, saboda ya shafi Mirya, Magarya da Matamaye. Kuɗinsa ya fito daga ƙasashen Turai, ta hannun asusun FED. Maraɗi, Doso da Yamai su ma sun samu irin waɗannan manyan ayyuka a wancan zamani.

Niyya mai kyau ce. Ana son manomi ya samu iri mai kyau, da maganin iri, da takin zamani, da garmar shanu, da amalanke. An buɗe cibiyoyin horo. A ɗauki saurayi da matarsa su yi damina suna koyo, sannan su koma gida da shanu da kayan aiki bisa bashi.

Amma masu shiri sun yi lissafi kamar kowace damina za ta yi kyau. Fari ya zo a 1973. A 1975 ciwo ya kama gyaɗa ya kashe ta, ga shi kuwa gyaɗa ce ke kawo kuɗin biyan bashi. Kuma kayan sun fi dacewa da mai gona babba. Wanda gonarsa ba ta ciyar da shi wata shida, da me zai ciyar da shanu biyu? Wasu suka sayar da shanun don su sayi hatsi. Bashi ya taru a wuyan ƙungiyoyin manoma. Bankin bashin manoma, CNCA, ita ma ta durƙushe a shekarun 1980.

A watan Nuwamba na 1982, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa a birnin Damagaram kan ayyukan karkara. Taron ya gane cewa manyan ayyuka suna cin kuɗi da yawa, kuma a ofis ake tsara su ba da shawarar manomi ba. Ya ba da shawara a koma ga ƙananan ayyuka waɗanda mutanen gari za su iya riƙewa da kansu. Hausawa sun riga sun faɗa: mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Gawon da ya dawo

Bayan yunwar 1984, wadda ake ce wa 'yar Buhari, gonaki da yawa sun zama fili fetal. Iska na kwashe ƙasa, rairayi na binne shuka. An kashe kuɗi wajen dasa itatuwan leda, amma da yawa sun mutu da rani.

Abin da ya kama shi ne sassaben zamani. Manomi ya bar kututture ya toho, ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Ɗan gawon da ya tsiro da kansa, a kewaye shi, kada a sare. An fara yaɗa wannan dabara a jihar Maraɗi wajen 1983, manoman Magarya, Matamaye da Mirya kuma suka yi ta yi a gonakinsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a fili wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kimanin itace miliyan 200.

Me ya sa wannan ya ɗore? Ba ya son bashi, wuƙa da gatari sun isa. Talaka na iya yi, mai hali na iya yi. Amfanin kuma a fili yake: gawo na zubar da ganye da damina ya taki gona, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani, mata na samun itacen wuta kusa da gida. Kuma mutane sun san darajar gawo tun dā. Tsofaffi na ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya hana saran gawo, ya sa hukunci mai tsanani ga wanda ya sare. Aikin da ya hau kan abin da mutane suka sani, shi ke yin saiwa.

Su wane ne masu ƙaramin ƙarfi?

Ko a gari guda ba a zama ɗaya ba. Akwai mai rumbu uku. Akwai wanda hatsinsa ke ƙarewa tun kafin sanyi ya wuce. Akwai gwauruwa mai marayu, da tsohon da 'ya'yansa suka tafi cin rani ba su aiko ba, da makaho, da makiyayin da garkensa ya ƙare. Idan damina ta faɗi, mai ƙaramin ƙarfi yakan bar gonarsa ya tafi barema gonar wani don ya samu abin tuwon dare. Gonarsa ta cika da haki, da kaka ya samu kaɗan, baɗi ya sake komawa barema. Wannan igiya ce aikin taimako ya kamata ya tsinke.

Wurin rubuta sunaye nan ne rigima ke tashi. Idan mutum ɗaya ya rubuta a zaurensa, sai a ga 'yan'uwansa sun cika takarda. Hanyar da ta fi ita ce a yi taron gari, maza da mata. A fara yarda da alamomi kafin a ambaci sunan kowa: dami nawa gida ya samu, wata nawa hatsinsa ke kai shi, dabba nawa gare shi, baki nawa ke ci, hannu nawa ke aiki. Sannan a zaɓi mutane amintattu kashi biyu, kowane kashi ya yi nasa jerin dabam. A haɗa a duba. A karanta sunaye da ƙarfi gaban kowa. A kafa wani kwamiti dabam mai karɓar kuka, wanda babu ruwansa da rubutun farko.

A 2011 gwamnati, da kuɗin Bankin Duniya, ta fara ba gidaje matalauta jika 10 kowane wata har wata 24, jihar Damagaram na ciki. Galibi mace ce ke karɓa, don an ga abin da ya shiga hannun uwar gida ya fi saurin shiga tukunya. Mata da yawa sun zuba wani abu cikin asusu da adashi, suka sayi akuya ko suka ja jari.

Taimako da lokacinsa

A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu wurare. Tun da kaka aka san 2005 za ta yi wuya. Amma babban taimako bai iso ba sai tsakiyar damina. Kafin nan buhun gero ya haura jika 25 a kasuwanni da dama, dabba kuma ta faɗi warwas. Mutane sun riga sun sayar da awaki, wasu sun jinginar da gona. Yara da yawa sun rame a jihohin Damagaram da Maraɗi.

Saboda haka shiri mai kyau yana bin kalandar manomi. Iri ya iso kafin ruwan shuka. Aikin gina rabin wata da tare rairayi a yi shi da rani, loton da hannu ba shi da aiki. Hatsi mai rahusa ya zo da bazara da farkon damina, don mutum ya tsaya gonarsa. Abincin dabbobi, dusa da gurya, ya iso tun dabba na iya tashi da ƙafarta. Irin da ya zo bayan an yi noman fari, tukunya zai shiga.

Kada a manta da makiyayi

Masu shiri sukan tsaya inda akwai gari da hanyar mota. Makiyayin arewacin Tanut, Gure da Tasker ba ya zaune wuri guda. Ranar taro yana rijiya mai nisa, sai a rufe takarda babu sunansa. Ya kamata a bi shi mashaya da kasuwar dabbobi, a yi magana da arɗo da shugabannin ƙungiyoyinsu.

Ruwa ma yana son shiri. A shekarun 1960 an kafa manyan famfuna a yankin kiwo, kowa na iya shayarwa. Garkuna suka taru daga ko'ina, ciyawar kewaye ta ƙare ƙarƙaf. Da farin 1973 ya zo, dabbobi sun mutu ga ruwa babu ciyawa. Kafin a haƙa rijiya a san wa zai riƙe ta, da yawan dabbar da makiyayar wurin za ta ɗauka. Kafin a shinge fili don lambu ko dashen itace, a tambaya ko burtali ne ko makiyaya. Dokar karkara ta 1993 ta kawo hukumomin kula da filaye domin irin wannan. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta yarda cewa yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne.

Fulani na da habbanaye tun kaka da kakanni. Mai dabba ya ba wanda ya rasa aron saniya, ta haihu a hannunsa, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma ga mai ita. Ayyuka da dama sun ɗauki wannan hanya wajen raba wa mata awaki, don mutane sun san dokarta, kuma suna jin kunyar karya ta.

Lissafi kafin alkawari

Ga misali da rumbun tsimi. A ce an ba gari tan 10 na gero. Buhu 100 ke nan. Buhu na cin tiya 40, duka tiya 4000. Gidan da ke cin tiya 2 a rana, cikin kwana 90 zai ci tiya 180. Ashe hatsin nan gida 22 kaɗai zai riƙe har wata uku. Idan gari na da gida 150, dole a san tun farko su wa za a fara sayar wa, kuma tiya nawa kowa zai saya a mako.

Sai batun farashi. A ce an sayi tiya dala 100 da kaka, aka sayar dala 80 don tausayi. Kowace tiya an yi asarar dala 20. A tiya 4000 asarar ta kai jika 400. Baɗi rumbu ba zai cika ba. In aka haɗa da bashin da ba a biya ba, shekara kaɗan mangaza ta zama ɗakin ɓeraye. Rumbunan tsimi da yawa haka suka mutu a ƙasar nan. Farashi ya zama ƙasa da na kasuwar bazara, amma sama da na saye, don a biya dako da maganin ƙwari da gyaran rufi.

Ranar da mota za ta tafi

Kowane furoje na da ranar ƙarewa. Wani lokaci ma ba ya kai ranar. A 2023 wasu ƙasashen waje sun dakatar da taimakonsu ga Nijar bayan sauyin mulki. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta taimako, USAID, ayyuka da yawa suka tsaya a ƙasashen Afirka. Kayan aro ba ya rufe katara.

Don haka tun ranar farko gari ya yi waɗannan tambayoyi:

1. Wa ya nemi wannan aiki, kuma wace matsala zai warware?
2. Shekara nawa zai yi, kuma kuɗi nawa aka ware wa garin?
3. Me gari zai kawo: hannu, yashi, fili ko kuɗi?
4. Kyauta ne ko bashi? In bashi ne, yaya za a yi in damina ta ƙi?
5. In famfo ya lalace, wa zai gyara, kuma a wace kasuwa ake samun kayansa?
6. Mata da makiyaya na cikin kwamiti? Ana jin maganarsu?
7. Ga wa za a kai kuka in an ga ba daidai ba?

A rubuta amsoshin da Hausa, a ajiye takarda ɗaya wurin mai gari, ɗaya wurin kwamiti, ɗaya a ƙaramar hukuma. Mai riƙe kuɗi dabam, mai riƙe mabuɗi dabam, mai rubutu dabam. Kowane wata uku a karanta littafin kuɗi gaban jama'a.

Nan ne ɗaliban yaƙi da jahilci ke da babban aiki. Wanda ya iya karatu ba ya dangwala yatsa kan abin da bai sani ba. Zai duba ko an rubuta buhu 100, ya je mangaza ya ƙirga. Zai ga ko sunan gwauruwar unguwarsu ya shiga jeri. Garin da ke da mutum biyar masu karatu da lissafi, maza da mata, ya fi ƙarfin a yi masa rufa-rufa.

Abin tattaunawa a cibiya: wane aiki aka taɓa kawowa garin, me ya rage daga cikinsa, kuma me ya kashe wanda ya mutu? A rubuta amsa a ba malamin cibiya ya aiko wa jarida.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kare dabbobi daga ciwo.