Randar da Ba Ta Sanyaya Ruwa

Ku ɗauki takardar Naira 20, ku juya bayanta. Za ku ga wata mace tana aikin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, mutuniyar garin Kwali.

Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane irin na gargajiya. Da hannu take ɗora yumɓu bisa yumɓu, sa'an nan ta zana ƙadangare da kunama da kifi da kada a jiki. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa. Can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Da ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja, wato Suleja ta yau, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta fari.

Ba ta yar da ginin hannu ba. Abin da aka ƙara shi ne yumɓu mai jure wuta, da wani shafi mai ƙyalli kamar gilashi, da toyi cikin tanderu mai tsananin zafi. Tukwanen suka yi kyau ƙwarai, har aka nuna su a Landan. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984.

Amma fa an yi hasarar abu guda, kowace uwargida a ƙasar Daura za ta gane shi. Me ya sa ruwan randa yake da sanyi ko cikin zafin bazara? Domin randa tana tsatsafo. Iska ta busar da damshin nan na jikinta, ta tafi da zafin ruwan. To, shafin nan mai ƙyalli ya toshe ƙofofin duka. Randar ta yi nauyi, ta yi tsada, ta zama abin ado a ɗakin masu kuɗi, ba ta kuwa sanyaya ruwa.

Ban raina aikin Ladi ba, ko kaɗan. Sai dai in kun je kasuwar Daura sayen randar sha, kada ku nemi ƙyalli. Ku ƙwanƙwasa ta da yatsa: mai lafiya takan yi amo, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Ku kafa ta a inuwa bisa jiƙaƙƙen yashi, inda iska ke ratsawa, ku rufe bakin da faifai.