Dogon Hutu Ba Zango Na Huɗu Ba Ne

'Yan uwana malamai da iyayen yara, kowace shekara idan zango na uku ya zo ƙarshe a watan Yuli, tun ba a gama raba takardun sakamako ba sai ka ga an liƙa sanarwa a ƙofar makaranta: darasin hutu zai fara ranar Litinin, daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya, kuɗinsa kaza. Ɗalibin da zai shiga aji uku na babbar sakandare sai ya huta Asabar da Lahadi, ya sake saɓa jakarsa.

Ba na raina fargabar da ta haifi wannan al'ada. Gaban yaron nan akwai jarrabawar JAMB, darussa huɗu a kan kwamfuta, sannan WAEC wajen Mayu da Yuni, NECO na biye. Ba kiredit biyar haɗe da Turanci, ba zancen jami'a. Mun kuma sani aji uku gajere ne: rajista da jarrabawar gwaji sukan cinye rabin zango na biyu, manhaja kuwa ba ta ƙare ba. Uban da ya ce ɗansa ba zai zauna mako shida hannu rabbana ba yana da hujja.

Amma mu dubi abin da ake yi a darasin. Malamin dai shi ne, allon shi ne, cunkoson shi ne, kwafar rubutun ma ita ce. Yaron da bai gane lissafi ba cikin wata tara, me zai sa ya gane shi a wata na goma, alhali ba abin da aka sauya sai gajiyar da ta ƙaru? Na taɓa koyar da irin wannan darasi mako biyar a jere. Da aka dawo a Satumba, waɗanda ba su taɓa fashi ba su ne ke gyangyaɗi tun kafin a fita tara.

Kada kuma mu manta hutun nan tsakiyar damina yake faɗowa. Yaron karkara yana gona ana maimai, 'yar'uwarsa na fama da girki da raino, ga Islamiyya da yamma, ga zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da gida guda a watan Agusta. Irin waɗannan ba su san hutu ba balle a ce ya yi musu yawa. Na birni kuwa waya ce ke cinye masa dare, alhali masana lafiya sun ce matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10.

A ganina, a sakar wa yaro mara mako biyun farko. Ya yi barci, ya yi zumunci, ya buga ƙwallo, in ya so ya karanta Magana Jari Ce don daɗinta kawai. Bayan haka awa biyu da safe ta wadatar, a kan darasi ɗaya ko biyu da takardar sakamako ta nuna rauninsa, yana amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gabansa. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba a nema masa inda zai taɓa, ko sau ɗaya a mako, kada ranar JAMB ta zama ranar farko.

Saura mu. Gaskiya ɗaya ce, da yawanmu ba don manhaja muke buɗe darasin hutu ba, don albashi ba ya kai wata ne. Ban ga laifin mai neman halali ba. Sai dai maganar albashi da bashin ƙarin girma a teburin ƙungiya ake yinta da gwamnati, ba a aljihun iyaye ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a koyar da sabon babi a hutu, a dawo a ce an wuce wurin, ɗan wanda bai iya biya ba ya bi ta kansa.

Don haka a taron reshe mai zuwa zan gabatar da shawara: darasin hutu kada ya wuce mako uku, kwana uku a mako, a tashi ƙarfe sha ɗaya, bita kawai ba sabon babi, kuma kada a kori yaro saboda kuɗi. Mai wata shawarar ya zo da ita, a tattauna.