Dokar Arizona da Tambayar Takardu

Malam Edita,

Ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan dokar SB 1070 da Gwamna Jan Brewer ta sa wa hannu a jihar Arizona ta Amurka a 2010. Dokar ta umarci 'yan sanda su binciki takardun wanda suka tare, in suna zargin baƙon haure ne. To, da me za su gane shi, in ba launin fata da karin harshe ba? A 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta soke sassa uku, amma ta bar na binciken takardun. Nan fa gizo ke saƙar, domin ɗan ƙasa ma, in ya yi kama da 'yan Meziko, bai tsira ba.

Naka,
Mai karatu daga Kano