Gubar Dalma: Kada Mu Kawo Ta Gida da Hannunmu

A shekarar 2010 yara sun fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Sai yaro ya yi amai, ya fara farfaɗiya, bayan 'yan kwanaki ya rasu. An yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi aiki ba. Da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka auna jinin yaran, sai aka ga dalma ce. Iyaye maza suna kawo duwatsun zinariya gida, ana daka su a tsakar gida, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu.

Mai karatu a New Bell zai ce, ai mu nan Duwala ba mu haƙar zinariya. Gaskiya ne. Amma dalma tana da ƙofofi da yawa, kuma yawancinsu mu ne muke buɗe su.

Ƙofa ta farko ita ce sana'a. Mai fasa tsohon batirin mota, mai gyaran radiyeta, mai walda, mai sayen tsofaffin ƙarafa, duk suna dawowa da ƙurar dalma a riga da takalmi da gashi. Uba ya shigo, ya ɗauki ɗansa, yaro ya sa yatsa a baki. Shi ke nan, ta shiga.

Ta biyu tukunya ce. Tukwanen makokot da ake narkawa daga tarkacen inji da sauran ƙarafa suna da araha, shi ya sa suka cika ɗakunan girkinmu. Binciken da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane na Kamaru ya nuna cewa suna sakin dalma, musamman idan abin da ake dafawa yana da tsami.

Ta uku fenti. Kamaru ta kafa doka a 2017 ta taƙaita dalma a cikin fenti, amma doka ba ta kankare wanda ya riga ya hau bango. Damshin Duwala yana sa shi ɓarewa, yaro kuwa duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa.

Ta huɗu ita ce mai wuyar faɗi: kwalli. Kwallin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancinsa dutsen dalma ne. Kaka tana sa wa jariri ne don ƙauna, tana cewa haka aka yi mata, ga ta kuma lafiya. Muna girmama kakanninmu, amma a nan ba mu yarda ba. Kwalli ba ya ƙara wa jariri gani. Yana murza ido, ya tsotsi hannu, ya haɗiye gubar.

Abin da ya sa muke nacewa shi ne, dalma ba ta cika nuna alama ba. Yaro zai iya yin wasa kamar kowa alhali tana cin ƙwaƙwalwarsa. Sai ya shiga makaranta a ga ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ƙanƙanin adadi na dalma da ba ya cutarwa, kuma cikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke tsotsewa. Tana kuma ratsawa daga mai juna biyu zuwa ɗan da ke cikinta. Ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa.

Ba mu ce kowa ya bar sana'arsa ba, da ita ake ciyar da gida. Mun ce a bar ta a wurin aiki. Maigida ya canja kaya ya yi wanka kafin ya taɓa yaro, a wanke kayan aikin daban. Kada a fasa batir ko a narka ƙarfe a cikin gida. A goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara mai tayar da ƙura. A wanke wa yara hannu da sabulu kafin cin abinci. Idan hali bai kai a sauya tukunya ba, kada a dafa tsamiya ko tumatir a cikinta, kada kuma abinci ya kwana a ciki. A ba yara wake, zogale, kifi, hanta da nono, domin yaron da jininsa ya yi ƙaranci ya fi tsotsar dalma.

Idan yaro yana yawan ciwon ciki, taurin bayan gida, ɗashewar fata ko kasala, ku kawo shi asibiti, ku gaya wa likita sana'ar da ake yi a gidanku. Awon jini ne kaɗai ke tabbatar da ita. Mai farfaɗiya kuwa, kada a jira gari ya waye.

Yara amana ce a hannunmu. Yau da dare, kafin ka ɗauki ɗanka, ka fara wanke hannu.