Sammacin da Ba Ya Ƙetare Iyaka

'Yan'uwa, duk wanda ya yi harkar albasa da tafarnuwa a Wurno, ko shinkafa a Goronyo, ko dabbobi a Rabah, ya san yadda cinikinmu yake da mutanen Nijar. Baƙo ya zo daga Ƙwanni ko Madawa, a ɗora masa kaya bisa amana, ya ce sai kasuwa mai zuwa. Yawanci yana cika alkawari. Amma idan bai dawo ba fa?

Mai kaya ya tafi kotu, alƙali ya rubuta sammaci, shi ke nan magana ta tsaya. Ikon masinjan kotunmu a bakin iyaka yake ƙarewa. Daga Illela zuwa Ƙwanni ɗan taƙi ne, amma ga takardar kotu sai ka ce ƙarshen duniya. Kafin a aika sammaci wata ƙasa sai an nemi izinin kotu, a juya shi zuwa Faransanci, sa'an nan a sami ma'aikacin da dokar can ta yarda ya miƙa shi. Nijeriya da Nijar kuwa ba su cikin yarjejeniyar Hague ta 1965 wadda ta sauƙaƙa wannan aiki tsakanin ƙasashe. Ko an yi nasara ma, hukuncin Sakkwato ba ya aiki a can sai wata kotun Nijar ta amince da shi. Wane manomi ne zai iya wannan ɗawainiya a kan buhu ashirin?

Abin da ke biyo baya mun sha gani. Wanda aka cuta sai ya yi kwanto, ya tare ɗan'uwan mai bashin a kasuwa, ko ya riƙe jakinsa, ko ya kira 'yan sanda a kan maganar da ba ta laifi ba ce. Marar laifi ya kwana a tsare, zumunci ya lalace.

A ganinmu gyaran bai fi ƙarfin hukuma ba. Tun 1971 akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar mai hedkwata a Yamai. Ficewar Nijar daga ECOWAS a 2025 ta ƙara mata nauyi ne. Me zai hana ta shirya yadda kotunan Sakkwato da na jihar Tawa za su riƙa miƙa wa juna sammaci kai tsaye? Mai ƙara da wanda ake ƙara duk Hausa suke ji, balle ma Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa a 2025.

Kafin a yi haka, kada kunya ta hana mu rubutu. A rubuta bashi, da yawan kaya, da ranar biya, gaban shaidu. A kuma nemi wanda zai tsaya wa baƙo, dillali ko fatoma mai gida a wannan gefen iyaka, inda masinja zai iya samunsa.